Jinin Inna da Ba a Binne Ba

Na Allah ne mu, kuma wurinsa kowa zai koma. Inna ta koma da hantsin wata Talata, ana yayyafi, tana kishingiɗe a bakin ƙofar ɗakinta, inda ta saba zama don ta ga duk mai shigowa gidan. Kakata ce ta wajen uba, amma Inna muke ce mata, yadda muka ji 'ya'yanta suna faɗa. Ita ta riƙe ni tun ban iya ɗaura zane ba. Sunanta aka sa mini, shi ya sa 'ya'yanta ba sa kama sunana, sai su ce Uwata. Ita kuwa takwara take ce mini.

Kafin la'asar gidanmu na Gyadi-Gyadi ya cika har zaure. Na raɓe a lungun bayan randa ina kallon takalman mata da suka taru a bakin ƙofa, ruwa yana jiƙa su, ina sauraron yadda kowacce ta san Inna. Wata tsohuwa daga Babban Giji ta ce duk tsawon zamansu ba ta taɓa ba Inna goro ta kai baki ba, sai ta ɓare shi ta leƙa cikinsa. Aka yi 'yar dariya, aka yi saurin rufe ta da "Allah ya jiƙanta." Wata ta ce ranar da ta zo neman wa ɗanta auren jikar Inna, tambayoyin da ta sha ko a kotu ba a yi mata irinsu ba.

Sai ga maƙwabciyarmu da muke kira Madam, Kirista 'yar kudu da ta tsufa a unguwar tana ɗinki. Ta shigo ɗankwali a hannu, tana kuka da ƙarfi. Gwaggo, ƙanwar babana, ta tare ta a hankali.

"Madam, yi haƙuri. Addu'a take buƙata yanzu, ba kuka ba."

"Ku ƙyale ni," in ji Madam. "Tun ina amarya muke faɗa da matar nan a kan kwata. Yanzu da wa zan yi?"

Gwaggon ce kuma ta tayar da ɗaya maganar. Ba ta ɗaga murya ba, amma kowa ya ji.

"Ni dai tun da aka fara ɗibar mata jini ban ƙara ganin ta da ƙwari ba."

"Jini kuma? Wane jini?"

"Au, ba ku sani ba? A asibitin koyarwa. Wai bincike. Tsohuwa tukuf, a yi ta zuƙe ta kamar rake."

"An ce waje suke kai shi."

"Ni na ji da shi suke haɗa allurar rigakafin nan ta korona."

"To wa ya kai ta?"

Sai idanu suka koma kan Anti, matar autan Inna, wadda ke aiki a ɗakin gwajin jini na asibitin. Tana tsakiyar raba ruwa a faranti. Ba ta tsaya ba, ta ci gaba da rabonta.

Washegari da safe maganar ta isa zaure, wurin Baffa. Shi ne babban ɗan Inna, yana sayar da hatsi a kasuwar Tarauni, kuma tun rasuwar kakanmu Malam maganarsa ce ta ƙarshe a gidan. Ya tsaya a ƙofar tsakar gida ya sa aka kira Anti. Ta durƙusa nesa da shi.

"Malama, tambaya ɗaya zan yi miki. Jinin da kuka ɗiba, ya ƙare?"

"A'a, Yaya. Akwai saura a ajiye."

"A ina?"

"A firiza, a wurin aikinmu."

Baffa ya ce, "Wato jiya mun kai Inna makwancinta, mun baro wani abu nata a cikin ƙanƙara tare da na mutanen da ba mu sani ba. To, kafin a tashi daga zaman makokin nan a dawo mini da shi. Zan kai shi inda take."

"Yaya, irin nata ba a sake samun sa. Na waɗanda suka kamu tun farkon zuwan cutar korona ne. Kuma ita ce ta yarda da bakinta."

"Inna? Innar da ba ta barin gashinta a jikin mataji? Malama, kada ki sa in faɗi abin da ba na so in faɗa a gidan rasuwa."

Ban ga laifin Baffa ba. Duk wanda ya san Inna haka zai ce.

Idan an gama mata kitso, sai ta tsince gashin da ya zuba a tabarma da wanda ya maƙale a mataji, ta dunƙule shi, ta tona gindin lemon tsamin da ke tsakar gidanmu ta binne. Haka farce idan ta yanke. Takan ce mini, "Takwara, duk abin da ya fita daga jikinki, ki tabbatar kin san inda ya tafi." Ba ta shiga adaidaita sahu sai direban ya faɗa mata hanyar da zai bi, kuma idan ya kauce ko da layi ɗaya ne, sai ya ji zobenta yana ƙwanƙwasa ƙarfen bayansa. Idan baƙuwar lamba ta kira wayarta, takan ɗauka ta yi shiru, har sai mai kiran ya gaji ya bayyana kansa. Idan ta je kemis, sai ta ɗaga maganin ta kalle shi a hasken rana, sannan ta tambayi mai shagon, "Tsakaninka da Allah, uwarka za ka iya ba wannan?"

Sana'arta man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Ba ta ɗanɗana gyaɗar da ke saman buhu, sai ta zura hannu har gwiwa ta zaƙulo ta ƙasa. Da wannan sana'ar ta rufa wa gidan asiri, kuma Baffa da kansa, yana yaro, shi ke kai mata kwalaben mai kasuwa.

Ni kuwa Allah ya yi ni mai yarda da komai. Ina iya zama ina kallon gajimare har tuwo ya kama. Wani lokacin nakan karanta mata 'yan waƙoƙin da nake rubutawa tana murza tunkuza, wato dunƙulen gyaɗar da ake matse mai daga cikinsa. Ranar da na karanta mata wadda na ce wata yana kewar rana, sai ta ɗago ta ce, "Wa ya faɗa miki? Kin tambaye shi ne?" Na yi fushi, na rufe baki. Da yamma sai na ji tana faɗa wa Madam ta saman katanga cewa takwararta ta iya jera magana kamar ana zuba mai a kwalba.

Na girma kafin in fahimci cewa duk inda Inna ta fi sa ido, nan ta fi so. Lokacin da mijin Madam ya rasu, wasu da suka ce danginsa ne suka zo za su ɗauke keken ɗinkinta. Inna, da ko gaisuwar kirki ba sa yi da Madam a lokacin, ta yafa mayafi ta shiga shagon, ta zauna a kan kujerar keken. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya: kai wane ne, ta ina kuka haɗu da mamacin, me ya sa ban taɓa ganin ka ba yana jinya? Kafin azahar sun watse. Da Madam ta fara godiya sai Inna ta ce, "Ki dai gyara kwatarki."

Sai shekarar da aka kulle gari ta zo, shekarar korona, lokacin da kullum ake sanar da rasuwar wani dattijo a Kano. Inna da Malam suka kwanta tare: zazzaɓi, tari, ƙirji kamar an ɗora dutse. Abin da ya fara ɓata wa Inna rai ba ciwon ba ne. Ta shinshina daddawa ba ta ji komai ba, ta ce an sayar mana da jabu. Ta shinshina man gyaɗarta ma ba ta ji ba, sai ta gane ba daga daddawar ba ne. Madam takan miƙo farfesu ta saman katanga, Inna kuma, murya a shaƙe, takan ce, "Ɗanɗana tukuna in gani." Malam bai tashi ba. Inna ta tashi.

Bayan ta fita takaba, Anti ta zo mata da magana. Ta ce a wurin aikinsu ana neman waɗanda suka yi cutar suka warke, musamman manya, a riƙa ɗibar ɗan jininsu lokaci zuwa lokaci. Ina zaune ina tsince gyaɗa, na ji komai.

"Me za ku yi da shi?"

"Hajiya, idan cuta ta shiga, jiki yana samar da masu gadi da suka san kamanninta. Ko an warke suna nan a cikin jini. Muna so mu ga ta ina suke kama ƙwayar cutar, kuma har yaushe suke riƙe kamanninta. Da irin wannan masu haɗa allurar rigakafi suke sanin wane sashe na ƙwayar za su nuna wa jikin da bai taɓa ganin ta ba, don ya gane ta tun daga ƙofa."

"Wato jinina ya ga ɓarawon."

"Ya gan shi, Hajiya."

"Ku kuma kwatance kuke so ya ba ku."

"Haka ne."

"Na Malam bai gan shi ba?"

Anti ta sunkuyar da kai. "Wataƙila ya gan shi a makare. Wataƙila kuma ya yi faɗan da ya fi ƙarfin jikinsa. Yana cikin abin da muke so mu gane."

Inna ta ce ba ta yarda ba, kuma kada a sake kawo mata maganar. Aka bar ta. Sai wata safiya, tana matsar tunkuza, ba tare da ta kalle ni ba ta ce, "Takwara, kwano ɗaya muka ci da Malam, tari ɗaya muka yi. Na san ajali ne, ban yi wa Allah shisshigi ba. Amma ina so in san da me aka tsare ni." Ta share hannu a zane. "Ki faɗa wa matar autana zan je. Amma da ƙafata, ba wanda zai zo mini gida da allura. Ke za ki raka ni, ki karanta mini duk abin da aka rubuta a bango. Kuma kada Baffanki ya ji. Tsoro gare shi irin nawa, sai dai shi bai iya bin tsoronsa ya ga inda ya tsaya ba."

Haka muka fara zuwa. Ba a soka mata allura sai an yage ledar sirinjin a gabanta. Ba ta kawar da kai kamar sauran mutane, tana kallon jinin har ya gama shiga 'yar kwalbar, wanda duka bai wuce cikin cokalin miya ba. Audugar da ake danna mata a hannu kuwa ba ta jefawa a kwandon shara, sai ta ƙulle ta a bakin mayafi.

A zuwanmu na biyu ta ƙi tashi daga kujera. Ta ce sai an nuna mata inda na farkon ya kwana. Anti ta ce ba a shiga da baƙi. Inna ta ce to ita ma ba a ɗibar jinin baƙi. Shugaban ɗakin gwajin, wani dattijo mai furfura a gemu, ya ji hayaniyar ya fito. Ya amince a sa mana takunkumi mu tsaya daga bakin ƙofa. Anti ta sa safar hannu ta buɗe firizar, wani farin hayaƙi mai sanyi ya malalo ƙasa kamar gajimare ya sauko ya shiga ɗaki. Ta zaro wata 'yar mitsitsiyar kwalba ta ɗaga.

Abin da ke ciki rawaya ne.

"Wannan ba jinina ba ne," in ji Inna.

"Naki ne, Hajiya."

"Ja na ba ku. Takwara, ba a gabanki aka ɗiba ba? Ja ne ko ba ja ba? An musanya. Dama na faɗa. Ina kuka kai nawa?"

Ni kaina sai da na yi shakka. Dattijon bai yi dariya ba, bai kuma yi dogon bayani ba. Ya ce a ɗauko wanda aka ɗiba a ranar, a sa shi a injin da ke juya kwalabe, Hajiya tana kallo. Injin ya yi ta gurnani, Inna ba ta ko ƙifta ido. Da ya tsaya aka fito da kwalbar, sai ga jinin ya rabu biyu: ja ya kwanta a ƙasa, ruwa rawaya ya taso sama.

Inna ta matso har goshinta ya kusa taɓa ƙofar. Ta daɗe tana kallo.

"Au," ta ce. "Matsa kuke yi. Tunkuza a ƙasa, mai a sama."

"Masu gadin a cikin man suke, Hajiya," in ji dattijon. "Shi muke ajiyewa."

"To da kun faɗa tun farko mana." Ta sake leƙawa. "Ina sunana? Ban ga an rubuta ba."

"Ba ma sa suna, sai lamba, don kada kowa ya san na wane ne."

Ta gyaɗa kai a hankali. "Nan kam kun yi hankali. Mai mugun nufi ko ya shigo sai ya rasa wanda zai ɗauka."

A hanyar dawowa, cikin adaidaita, na ji tana dariya ita kaɗai. Na tambaye ta. Ta ce, "Ashe har jinina ma bai yarda da kowa ba. Duk baƙon da ya shigo sai ya tsare shi da tambaya."

Ba kullum take dawowa da dariya ba. Da tafiya ta yi nisa, wata rana Anti ta ce mata, "Hajiya, masu gadinki sun ragu. Kuma ƙwayar ta sauya kama. Sabuwar da ke yawo, ba sa riƙe ta da ƙarfi kamar ta farko."

"Ƙarya ne. Ni ban taɓa manta fuskar wanda ya cuce ni ba."

"Ba mantuwa ce gaba ɗaya ba. Akwai wasu da ke kwance can ciki, su ba sa mantawa da wuri, sai dai a tashe su. Haka jiki yake, musamman na manya. Shi ya sa ake cewa a ƙara allura don a tuna masa. Idan ƙwayar ta sauya da yawa kuma, sai masu haɗa allurar su gyara ta."

"Wato ɓarawon ya sake riga, ku kuma sai ku sake kwatance."

Kwana da kwanaki tana fushi da jininta. Daga baya ta je aka yi mata allurar, bayan ta sa an nuna mata kwalbar kuma ta tambayi mai yin allurar labarin uwarta. Ta nuna tsohon tabon lambar agana da aka yi mata tana yarinya, ta ce a yi kusa da shi, su san juna. Da Madam ta tsokane ta cewa ta zama 'yar asibiti, sai ta ce, "Ban yarda da su ba. Ido nake sa musu."

Duk ranar da muka dawo, kafin ta cire mayafi sai ta wuce gindin lemon tsami, ta kwance audugar ta binne. Ranar da aka yi mata ɗiba ta ƙarshe, da daɗewa kafin rasuwarta, ta daddale ƙasar da tafin hannu ta ce, "Takwara, sauko daga sama ki ji. Wannan nawa ne, na binne shi. Wancan na firiza na bayar sadaka. Ko na mutu kada wani ya je ya ce a ba shi. Amma a riƙa zuwa ana dubawa."

Hawan jini ne ya daɗe yana cin ta, zuciyarta kuma ta gaji. Wannan shi ne abin da likitoci suka faɗa, kuma shi na gani. Amma a gidan makoki, wa zai saurari jika?

Ana gobe za a tashi daga zaman, na sami Baffa a tsakar gida yana alwala. Na durƙusa na faɗa masa duk abin da Inna ta ce a gindin bishiyar. Ya saurare ni har ƙarshe.

"Wa ya ji ban da ke?"

"Babu kowa, Baffa. Sai bishiyar."

"Uwata, ban ce kin yi ƙarya ba. Amma ke ko tsuntsu ya yi kuka sai ki ce ga abin da ya faɗa. Mai wayo zai iya sa miki magana a baki, ki ɗauka Inna ce."

"Alhaji, ni na ji!"

Madam ce, kanta ya leƙo ta saman katanga. "Katangar nan ba ta taɓa ɓoye mini komai ba. Ta faɗa, da kunnena. Har na ce mata, Hajiya, ke da ba kya ba ni aron tsintsiya, jini kika bayar? Ta ce, tsintsiya idan kin ara ba na ganin inda kika kai ta. Wannan kuwa na je na gani."

Baffa ya dubi Madam, ya dube ni. "Shaidu biyu ke nan: mai mafarki da abokiyar faɗa." Ya ajiye buta. "Sai na gani da idona. Uwata, ɗauko mayafinki."

Kafin mu fita na ga ya shiga ɗakin Inna, ya ɗauko ragowar farin ƙyallen da aka yanka likkafaninta, ya ninke ya sa a aljihu. Da shi zai naɗo jinin. A bakin titi ya tsayar da adaidaita, ya riƙe ƙarfen bai shiga ba.

"Ta ina za ka bi?" ya tambayi direban.

Na kawar da kai don kada ya ga idona.

Anti ta riga mu isa. Dattijon mai furfura ya yi wa Baffa ta'aziyya, ya ce Hajiya ce kaɗai a cikin masu zuwa da ta taɓa bincikar masu bincike. Ya ce idan iyali suka ce a cire jinin, za a cire, ba gardama. Amma duk lokacin da ƙwayar ta sauya kama, sukan ɗauko kaɗan daga irin wannan tsohon jinin su gwada shi da sabuwar, su ga ko yana gane ta har yanzu. Amsar ita ke nuna ko allurar da ake da ita ta isa, ko tana buƙatar gyara.

"Na ji," in ji Baffa. "A fito da shi."

Aka sa mana takunkumi, muka tsaya a bakin ƙofar nan. Anti ta buɗe firizar, farin hayaƙin ya malalo. Ta ɗaga 'yar kwalbar. Baffa ya riga ya zaro ƙyallen yana warwarewa. Sai hannunsa ya tsaya.

"Wannan ba jinin Inna ba ne," ya ce. "Jini ja ne. Me kuka zuba a nan? Ina kuka kai nata?"

Ni da Anti muka dubi juna. Tun ranar rasuwar ban ga hawayenta ba, tana ta hidima ana ta kallon ta. A nan suka ɓalle mata, tana kuka tana dariya cikin takunkumi, kwalbar a sama don kada ta faɗi.

Na ce, "Baffa, matsa suke yi. Tunkuza a ƙasa, mai a sama."

Ya juyo gaba ɗaya. "Wa ya faɗa miki haka?"

"Ita. A nan inda kake tsaye. Ita ma sai da ta ce an musanya."

Baffa ya sake kallon kwalbar. Ban san abin da ya gani ba. Ni dai hasken taga na gani ya ratsa ta, launinta sak na man da Inna ke ɗurawa da safe, wanda Baffa ya sha ɗauka a ka yana yaro. Ba 'yar boko da za ta ƙirƙiro wannan maganar, ba ma'aikaciyar asibiti da za ta sa mini ita a baki. Ya sani.

"Yaya, ba a barin sa a waje da daɗewa," in ji Anti a hankali. "Me za a yi?"

Ya dubi ƙyallen da ke hannunsa. "Mayar da shi kafin ya narke."

Aka rufe firizar. Na zaci shi ke nan, ashe yanzu ya fara. Idan an ɗauke wuta fa? Aka ce akwai janareta. Idan janaretan ya ƙi tashi? Wa ke riƙe makulli? Idan za a aika wani abu waje, wa ke ba da izini? Idan an gama da shi, me ake yi da ragowar? Dattijon ya amsa ɗaya bayan ɗaya, kamar wanda ya taɓa shan waɗannan tambayoyin daga wani bakin.

"Ban ce na yarda da ku ba," in ji Baffa daga ƙarshe. "Zan riƙa zuwa ina dubawa."

"Ita ma haka ta ce, Alhaji."

Da muka dawo gida, mata suna zaune suna jira. Baffa bai tsaya a zaure ba. Ya wuce gindin lemon tsami, ya durƙusa da babbar rigarsa, ya tona ƙasar da ruwa ya tausasa, ya binne farin ƙyallen babu komai a ciki. Ya daddale wurin da tafin hannu.

"Yaya, ina jinin?" in ji Gwaggo.

"Inna ta tura shi aiki," ya ce. "Ba mai kiran sa sai ya gama."

Ba zan ce zargin ya bar gidanmu ba. Gado ne, an raba mana kowa ya sami nasa, har ni na fara leƙa cikin goro. Har yanzu Gwaggo tana cewa ita dai tana da abin da take ji a ranta. Amma da yammar ranar, Anti ta miƙa mata kofin ruwa, ta karɓa. Ta ɗaga shi ta kalla a hasken rana tukuna, sannan ta sha.

Lemon tsamin ya yi fure bana fiye da kullum. Ina so in ce kewar Inna yake yi, sai na tuna ban tambaye shi ba.

Ya Allah, ga baiwarka nan da ta tsare mu da idonta, ta tsare waɗanda ba ta sani ba da jininta. Ka gafarta mata, Ka haɗa ta da Malam cikin rahamarka, Ka sa abin da ta bari ya zama sadakar da ba ta yankewa. Ka saukar da ita a gidan da babu abin tsoro a cikinsa, inda za a miƙa mata ta karɓa kawai.